Ƙarancin Jini Ga Masu Ciwon Ƙoda A Mubi: Yadda Tsada Da Nisa Ke Shiga Tsakanin Majiyyaci Da Magani

MUBI, Jihar Adamawa. A cikin watan Agusta na shekarar 2025 ne Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar rage kuɗin wankin ƙoda daga Naira dubu 50 zuwa Naira dubu 12 a kowane zama, a waɗansu zaɓaɓɓun asibitocinta, ciki har da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri da Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Azare. Wannan mataki ya sauke wa iyalai da dama nauyi mai yawa. Sai dai kuma wankin ƙoda sashe ɗaya ne kawai na jinyar. Akwai wani sashen da ba a cika jin labarinsa ba, alhali kuwa shi ne yake hana majiyyaci tashi ya nemi abincinsa, wato ƙarancin jinin da ke biyo bayan lalacewar ƙoda. Maganin wannan matsala ya shekara fiye da 30 a kasuwannin duniya, amma ga mai ciwon ƙoda a gari irin Mubi, samunsa a kai a kai ya dogara ne ga farashin dala, da wutar lantarki, da kuɗin mota, da kuma wanda zai ɗauki nauyin biya.

Dangantakar ƙoda da jini

Aikin ƙoda da kowa ya sani shi ne tace jini da fitar da dattinsa ta hanyar fitsari. Amma tana da wani aikin na daban. Ita ce take samar da kusan kashi 90 cikin 100 na wani sinadari mai suna iritirofoyetin, wanda likitoci ke taƙaitawa da EPO. Wannan sinadari shi ne saƙon da ke zuwa ga ɓargo ya umarce shi da ya ƙera jajayen ƙwayoyin jini, waɗanda ke ɗaukar iskar numfashi zuwa sassan jiki. Kowace ƙwaya takan yi kwanaki kamar 120 kafin ta mutu, saboda haka dole ne ɓargo ya riƙa mayar da gurbinsu kullum. Idan ƙoda ta lalace, saƙon ya ragu, sai ɓargo ya rage aiki, jini kuma ya riƙa yin ƙasa sannu a hankali.

Har ila yau, jikin mai ciwon ƙoda ba ya iya tsotsar sinadarin ƙarfe daga abinci yadda ya kamata, kuma da wannan ƙarfe ne ake gina himogulobin, wato abin da ke bai wa jini jan launinsa. Wanda ake yi wa wankin ƙoda kuwa yana asarar ɗan jini a cikin bututun na'ura a kowane zama. A ƙasarmu akwai ƙarin dalilai da ke tsananta lamarin, kamar zazzabin cizon sauro, da tsutsar ciki, da ƙarancin abinci mai gina jiki.

Bisa ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, ana cewa namiji yana da ƙarancin jini idan himogulobin ɗinsa ya gaza giram 13 a ma'aunin da asibitoci ke amfani da shi, mace kuma idan ya gaza giram 12. Masu ciwon ƙoda da ya yi nisa sukan sauka ƙasa da haka ƙwarai. Alamunsa su ne kasala, da haki bayan ɗan motsi kaɗan, da jiri, da bugawar zuciya da sauri. Idan abin ya daɗe, zuciya takan kumbura saboda wahalar da take sha wajen tura jinin da bai isa ba. Ta fuskar tattalin arziki, ma'anar wannan ita ce ɗan kasuwa ya daina zama a shagonsa, manomi ya bar gona, direba ya ajiye mota, a daidai lokacin da gidan ya fi bukatar kuɗi.

Hanyoyi uku na magani

Hanya ta farko, kuma mafi arha, ita ce cike giɓin sinadarin ƙarfe, ko dai ta ƙwayoyin sha, ko ta allurar jijiya ga waɗanda ƙwayar ba ta yi musu aiki. Ta biyu ita ce allurar EPO, wadda ke maye gurbin saƙon da ƙoda ta kasa aikawa. Ta uku ita ce ƙarin jini, wanda likitoci ke ajiyewa domin halin gaggawa.

A yawancin asibitocinmu, hanya ta uku ce ta zama ruwan dare, domin kuwa majiyyaci ba ya zuwa sai jini ya riga ya yi ƙasa matuƙa, kuma ledar jini ana biyanta ne sau ɗaya, ba kamar allura ba da ke bukatar kuɗi kowane mako. Amma wannan arha ce ta ido kawai. Leda guda takan ɗaga himogulobin da kamar giram 1 ne, kuma bayan 'yan makonni a koma gidan jiya. Kowace leda tana tafe da kasadar kamuwa da ciwon hanta ko ƙanjamau idan ba a tantance jinin sosai ba. Sannan jinin da ake samu a ƙasar nan akasarinsa daga 'yan uwa ne ko masu sayarwa, don haka kowane ƙarin jini sai an yi ta neman wanda zai bayar. Mafi muhimmanci, yawan karɓar jinin mutane dabam-dabam kan sa jiki ya ƙera garkuwar da za ta iya ƙin karɓar sabuwar ƙoda idan an zo dashe. Tunda ana yin dashen ƙoda a Arewa, inda Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara a 2002, na Maiduguri kuma ya yi nasa na farko a 2010, wannan hasara ce ta gaske ga iyalin da ke tara kuɗi da fatan dashe.

Asalin allurar da darussan da aka koya

Masana sun fara tace sinadarin EPO daga fitsarin marasa lafiya a shekarar 1977. Daga baya kamfanin Amgen na Amurka ya gano yadda za a sarrafa shi da yawa a masana'anta, kuma a watan Yuni na 1989 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi da sunan Epogen. Kafin wannan lokaci, masu wankin ƙoda a ko'ina cikin duniya da ƙarin jini suke rayuwa. Allurar ta zama ɗaya daga cikin magungunan da suka fi kawo riba a tarihi, har ta kai asusun lafiyar gwamnatin Amurka yana kashe kimanin dala biliyan 2 a shekara a kanta a tsakiyar shekarun 2000. Farashinta ya fara sauka ne bayan da haƙƙin mallaka ya ƙare, inda Tarayyar Turai ta amince da kwatankwacinta daga wasu kamfanoni a 2007. A shekarar 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin jerin muhimman magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada.

Bincike ya kuma nuna cewa yawan allurar ba alheri ba ne. Wani gwaji da aka buga sakamakonsa a 2009, wanda ya ƙunshi majiyyata fiye da dubu 4 masu ciwon sukari da na ƙoda, ya gano cewa ƙoƙarin kai himogulobin giram 13 ya kusan ninka haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Shi ya sa ƙa'idojin likitocin ƙoda na duniya na 2012 suka ba da shawarar a fara allurar ga mai wankin ƙoda idan jini ya sauka tsakanin giram 9 da 10, kuma kada a bari ya haura giram 11 da rabi. Allurar tana iya ɗaga hawan jini ma. Ke nan ba magani ba ne da za a saya a kemis a riƙa yi a gida babu awo.

Wasu binciken kuma sun nuna inda ake iya rage kashe kuɗi. A 1998 an tabbatar da cewa idan aka yi allurar a ƙarƙashin fata maimakon jijiya, ana samun sakamako iri ɗaya da ragin kusan kashi 30 cikin 100 na adadin maganin. Haka kuma wani gwaji da aka yi a Birtaniya kan masu wankin ƙoda fiye da dubu 2, aka buga a 2019, ya nuna cewa ba da allurar ƙarfe a kan kari ya rage bukatar EPO da kusan kashi ɗaya cikin biyar, ya kuma rage yawan ƙarin jini. Wanda ya sayi EPO mai tsada alhali jikinsa babu ƙarfe, tamkar wanda ya ɗauko magina ne bai sayo bulo ba.

Lissafin kuɗi

Ƙa'idar wankin ƙoda ita ce sau uku a mako. A kan Naira dubu 50, wannan ya kama Naira dubu 600 a cikin makonni huɗu. A kan farashin rangwame na Naira dubu 12 kuwa, ya kama Naira dubu 144, wanda duk da haka ya ninka mafi ƙarancin albashi na Naira dubu 70 da aka amince da shi a watan Yuli na 2024. Bisa al'adar asibitocin ƙasar nan, allurar EPO da ta ƙarfe da gwajin jini da ƙarin jini kowanne kuɗinsa daban ne da na zaman wankin, don haka yana da kyau iyali su tambaya tun farko abin da kuɗin da suka biya ya ƙunsa.

Adadin EPO da ake farawa da shi ga mai wankin ƙoda shi ne awo 50 zuwa 100 a kan kowane kilo na nauyin jiki, sau uku a mako. Mutum mai kilo 60 zai bukaci awo dubu 3 zuwa dubu 6 a kowace allura, wato allurai 12 ko 13 a wata. Duk farashin da aka faɗa wa mai saye a kanti, sai ya ninka shi haka kafin ya san nauyin wata guda. Kuma sakamakon ba ya bayyana sai bayan makonni biyu zuwa shida. Wanda ya sayi kwalba biyu ko uku kuɗi ya yanke, ya yi asarar kuɗinsa ba tare da ya ga amfani ba.

Najeriya tana shigo da kimanin kashi 70 cikin 100 na magungunanta daga waje, kuma EPO yana cikin waɗanda ake shigowa da su, domin da rayayyun ƙwayoyin halitta ake sarrafa shi a masana'antu na musamman. Farashinsa a hannun dala yake. Kafin watan Yuni na 2023 ana canza dala ɗaya a kan kimanin Naira 460 a farashin gwamnati. Bayan da aka saki darajar Naira ga kasuwa, dala ta haura Naira 1,500 a farkon 2024. A misali, maganin da ake sayowa dala 10 ya tashi daga Naira 4,600 zuwa fiye da Naira dubu 15 tun kafin a ɗora kuɗin fito da na dako da ribar dillali. A watan Yuni na 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sanya hannu kan umarnin janye harajin shigowa da na kaya a kan injina da kayan haɗa magunguna na tsawon shekaru biyu. Manufarsa ita ce ƙarfafa masana'antun cikin gida, amma kafa masana'antar irin wannan allura aiki ne na shekaru da jari mai yawa.

Nisa da sanyi

Mubi ita ce cibiyar ciniki ta arewacin Adamawa, kusa da iyakar Kamaru. Kasuwar shanunta tana tara fatake daga Kamaru da Chadi, manyan motoci kuma suna lodi zuwa kudancin ƙasar nan. Garin yana da Jami'ar Jihar Adamawa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya. Ya kuma farfaɗo daga mamayar Boko Haram ta ƙarshen watan Oktoba na 2014, lokacin da jama'a suka watse, bankuna da kasuwanni suka rufe, kafin a ƙwato shi a watan Nuwamba. Kuɗi suna juyawa a Mubi, amma ƙwararrun likitocin ƙoda, waɗanda a duk faɗin Najeriya ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, sun fi taruwa ne a asibitocin koyarwa na manyan birane irin su Yola da Maiduguri da Gombe da Kano.

Daga Mubi zuwa Yola tafiyar kimanin kilomita 200 ce ta Hong da Gombi da Song. Mai ƙarancin jini ba ya iya tafiya shi kaɗai, don haka kuɗin motar mutum biyu ne, ga masauki, ga ranakun da mai rakiya ya bar sana'arsa. Tun bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, wannan kaso na lissafin ya ƙaru ƙwarai. 

Matsala ta biyu ita ce ajiya. Dole ne a ajiye EPO a sanyin digiri 2 zuwa 8, kada ya daskare, kada a jijjiga shi, kada rana ta taɓa shi. A yankin da zafin watannin Maris da Afrilu kan doshi digiri 40, kuma wutar lantarki ba ta da tabbas, wannan sharaɗi yana da tsada. Kwalbar da ta sauka a Legas, ta bi ta Kano ko Onitsha, ta iso Mubi a cikin kayan motar haya, mai yiwuwa ta rasa ƙarfinta ba tare da launinta ya sauya ba. Majiyyaci ya biya cikakken kuɗi, jini bai tashi ba, likita ya ƙara adadi, kuɗi ya sake fita. Illar ba ta tsaya ga aljihu ba. Tsakanin 1998 da 2003 an sami majiyyata a Turai da wasu ƙasashe da jikinsu ya ƙera garkuwa a kan wani samfurin allurar, har ɓargonsu ya daina ƙera jini baki ɗaya, kuma rashin kyawun ajiya yana cikin abubuwan da ake ganin suna ƙara irin wannan haɗari. Saboda haka ya zama wajibi mai saye ya duba lambar rajistar hukumar NAFDAC, ya kuma tabbatar daga firiji mai aiki aka ciro masa.

Wa zai biya

Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun jama'a yake fita kai tsaye. Dokar inshorar lafiya da Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Mayu na 2022 ta wajabta inshora a kan kowa, ta kuma tanadi asusu domin marasa galihu. Jihar Adamawa ma tana da tata hukumar tallafin lafiya ta karo-karo. Amma akasarin masu rajista ma'aikatan gwamnati ne da na manyan kamfanoni, alhali tattalin arzikin Mubi a hannun 'yan kasuwa da manoma da makiyaya yake, waɗanda ba a cirar musu komai daga albashi.

Maƙwabta sun gwada hanyoyi dabam-dabam. Jihar Yobe, inda ciwon ƙoda ya yi yawa a yankin Gashuwa, ta ɗauki nauyin wankin ƙoda kyauta a asibitin koyarwa na jiha da ke Damaturu. Kamaru kuma, a ƙarƙashin shirin lafiya ga kowa da ta ƙaddamar a 2023, ta mayar da kuɗin wankin ƙoda Sefa dubu 15 a shekara. Darasin Amurka shi ma abin dubawa ne. A 2011 ta haɗe kuɗin wanki da na allurai a cikin biya guda, sai asibitoci suka rage yawan EPO da suke yi, suka ƙara mai da hankali ga allurar ƙarfe, ko da yake ƙarin jini ya ɗan ƙaru. Yadda aka tsara biyan kuɗi shi ne yake yanke irin maganin da majiyyaci zai samu.

Sababbin ƙwayoyin sha

Akwai wani sabon rukunin magani da ake haɗiya, wanda ke sa jiki ya ƙara samar da nasa EPO ɗin. Ya samo asali ne daga binciken yadda ƙwayoyin jiki ke gane ƙarancin iska, wanda ya kai William Kaelin da Peter Ratcliffe da Gregg Semenza ga lambar yabo ta Nobel a 2019. Ƙasar Sin ta amince da roksadustat a watan Disamba na 2018, Japan ta bi baya a 2019, Tarayyar Turai a 2021, yayin da Amurka ta ƙi amincewa da shi a wannan shekarar saboda fargabar daskarewar jini a jijiya. Indiya ta amince da nata, desidustat, a 2022. Fa'idarsu ga gari irin Mubi a bayyane take, tunda ba sa bukatar firiji ko sirinji. Amma su ma da kuɗin waje ake sayensu, kuma suna bukatar awon jini da kulawar likita kamar allurar.

Inda 'yan kasuwa za su shigo

Galibin giɓin da aka lissafa a sama na ciniki ne da sufuri, fannin da 'yan kasuwar Mubi suka ƙware a kansa. Kantin magani mai rajista, da ƙwararren mai harhaɗa magunguna, da firiji mai aiki da hasken rana, zai iya karɓar kaya kai tsaye daga amintaccen wakilin kamfani, ya kawar da dillalai biyu ko uku da ke tsakani. Firijin da zai ajiye EPO shi ne zai ajiye allurar insulin ta masu ciwon sukari, waɗanda yawansu ya fi na masu ciwon ƙoda, don haka jarin ba a kan kaya ɗaya ya dogara ba. Ɗakin gwaji mai inganci da zai auna himogulobin da adadin ƙarfe da aikin ƙoda a cikin gari zai rage wa majiyyacin da bai kai ga wanki ba tafiye-tafiye zuwa Yola, tunda ana iya aika wa likitansa sakamakon ta waya, ma'aikacin jinya kuma ya yi masa allurar a Mubi.

Ƙungiyoyin kasuwa, na 'yan shanu da 'yan hatsi da direbobi, suna iya yi wa membobinsu rajistar inshora a dunƙule, su kuma nemi a rubuta musu ƙarara ko tsarin ya ƙunshi maganin ƙarancin jini. Masu fitar da zakka da masu kafa waƙafi kuwa, zai fi amfani su ɗauki nauyin allurar majiyyaci ɗaya na wata shida a jere da su raba kwalba ɗai-ɗai ga mutum ashirin. Su kuma asibitoci da gwamnatin jiha, sayen magani a dunƙule ta hanyar gasar kwangila shi ne abin da ya karya farashin allurar a ƙasashe da yawa.

A watan Mayu na 2025 Babban Taron Lafiya na Duniya ya zartar da ƙudurinsa na farko a kan lafiyar ƙoda, inda ya nemi ƙasashe su mai da hankali ga gano ciwon da wuri. Hawan jini da ciwon sukari suna kan gaba cikin abubuwan da ke lalata ƙoda a ƙasar nan, ga kuma yawan shan magungunan kashe ciwo da haɗe-haɗen da ba a san abin da ke cikinsu ba. Awon hawan jini da gwajin fitsari sau ɗaya a shekara kuɗinsu bai kai na allurar mako guda ba, kuma ƙungiyar kasuwa tana iya shirya wa membobinta su a rana ɗaya a bakin kasuwa. Mai ciwon da aka gano da wuri yakan shekara da yawa yana sana'arsa da ƙwayar ƙarfe da maganin hawan jini kafin ya bukaci allura ko na'ura.